Ranar da Rulon Ya Fita Daga Amurka

Mijina ya fita daga Amurka ranar wata Talata bayan abincin rana, kuma ko ƙofar gari bai wuce ba. Ya shiga ofishin rajista na gunduma da takarda a hannu, ya fito da babban yatsansa jajir kamar wanda ya yanka kaza, ya dawo gida ya zauna a kujerarsa ya tambayi abin da aka dafa.

"Me ya sami yatsanka, Rulon?" na ce.

"'Yanci ne ya same shi, Leata. Daga yau ni ba ɗan ƙasa ba ne. Ɗan asali ne."

"Cire takalminka. Yanzu na goge wurin."

Abin ya samo asali ne daga wata bita da aka yi a zauren otal ɗin bakin titi. Wani Dakta Wendell, wanda har yau ba a gano ko daktan mene ne ba, ya tara mazan gari ya gaya musu cewa gwamnati kamfani ce, ɗan ƙasa kuma yaron kamfanin ne da ba a biyansa albashi. Amma duk wanda ya rantse a rubuce cewa shi ɗan asali ne, ya dangwala yatsa da jar tawada, to ya zame daga hannunsu: ba haraji, ba lambar mota, ba lasin tuƙi. Rulon ya je ne don ya ji an ce za a raba kek. Ya dawo da kek ɗin a aljihu da kundin takardu a hammata.

Ni kuwa a tsibirin Tutuila aka haife ni, a Samowa ta Amurka, kuma a fasfona a rubuce yake ɓaro-ɓaro cewa mai wannan 'yar asali ce, ba 'yar ƙasa ba. Shekarun da na yi a garin Harmon Wash na jihar Utah sun fi waɗanda na yi a gidanmu, amma ko mai kula da maƙabarta ba a taɓa bari na zaɓa ba.

"To, sannu da zuwa," na ce masa. "Layinmu ba shi da tsawo. Ba ka zaɓe, ba a ba ka wasu ayyukan gwamnati. Haraji kuwa ko shekara ɗaya ba su taɓa mantawa da ni ba."

"Naki daban ne. Naki su suka ba ki. Nawa ni na karɓa."

"A hannun wa?"

"Yana cikin kundi. Ba za ki gane ba."

Kafin mako ya zagayo ya kwance lambar a-kori-kurarsa ya ɗaura wani allon katako da ya ƙona rubutu a kai da ƙarfe mai zafi. Ya sa lasin tuƙinsa a ambulan ya mayar musu. Sannan, da yake kundin ya ce dole duniya ta shaida, ya biya aka buga masa sanarwa a jaridar mako ta garinmu, tsakanin tallan harawa da cigiyar wani kare: "Ni, Rulon, na gidan Mangum, rayayyen mutum, na rantse ni ba ɗan ƙasar Amurka ba ne, ba mazaunin jihar Utah ba ne, kuma ban taɓa zama ba."

Ranar Lahadi a ƙofar coci maza suka yi layi suna ba shi hannu.

"Ɗan'uwa Mangum, yaushe a gari? Ya hanya?"

"Ƙasarku ana sanyi kamar nan?"

Ƙaninsa DeLoy, wanda tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, har cire hula ya yi. "Yaya, in za ka koma gida ka gaya mini, in ba ka saƙo."

Rulon bai kula su ba. Ɗan sandan gunduma ya tsare shi sau biyu saboda allon katakon, shi kuma ya sauke gilashi kaɗan ya karanta masa shafi guda daga cikin kundin. Ɗan sandan ya saurara har ƙarshe, ya ce karatun ya yi daɗi, ya rubuta masa sammaci.

Ana cikin haka sai rago ya faɗo.

A nan wurin namu, ragon dutse ba a farautarsa sai da izini na musamman, izinin kuma ƙuri'a ake jefawa a kansa kowace bazara. 'Yan kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai, kuma wanda ya samu sau ɗaya ba zai ƙara samu ba har ya koma ga Allah. Mahaifin Rulon ya nema har aka binne shi bai samu ba. Rulon ya fara nema tun kafin ya san ni. Hoton rago ne a kan firij ɗinmu, a saman hoton jikoki. Likita kuma ya riga ya gaya masa cewa gwiwoyinsa sun ƙare, in sanyi ya shigo za a cire su a sa na ƙarfe, kuma daga nan shi da hawan dutse sai dai kallo.

Da sakamakon ya fito ina wanke tukunya. Na ji wani sauti daga falo kamar an taka wutsiyar kare. Na leƙa na same shi a tsaye riƙe da waya, bakinsa a buɗe.

"Wa ya mutu?"

"Na ci, Leata. Na ci rago."

A ranar mutum mai jikoki ya yi kuka a kafaɗata. Na dafa masa gwaza da madarar kwakwa, ya cinye bai ma ce gishiri ya yi yawa ba. Ya sauko da bindigar mahaifinsa ya goge ta. Kowace safiya sai ya ɗauki sanda ya hau tudun bayan gida yana horar da gwiwoyin, yana nishi kamar tsohuwar tarakta.

Wata safiya Janeen Ott ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce malamar dajin yankinmu, kuma tare muke waƙa a coci, amma wannan karon da kakinta ta zo. Ta cire hula, ta zauna a ƙarƙashin kawunan barewar da Rulon ya jera a bangon falo, ta ƙi karɓar ko ruwa.

"Ɗan'uwa Mangum, ina taya ka murna."

"Na gode, 'Yar'uwa Ott."

"Kuma ina karanta jarida."

Ta ciro yankakken shafin daga aljihu ta shimfiɗa a kan gwiwarta. Cigiyar karen ma tana jiki.

"Izinin da ka ci na mazauna jiha ne. Nan kuma ka rantse kai ba mazauni ba ne."

"Wannan magana ce tsakanina da kamfani. Ba ruwan rago."

"To ai ragon na kamfanin ne," in ji ta. Ta ɗaga kai ta dubi bango. "Kuma ka ce ba ka taɓa zama ba. In haka ne, duk waɗannan da lasin ƙarya aka harbe su. Sai in turo mota a kwashe."

"Ki turo babba," na ce. "Akwai wasu a gareji."

Ta gaya masa za a yi zama a ofishinsu na shiyya. In ya tabbatar shi mazauni ne, izini nasa. In bai tabbatar ba, sai ya koma ga wanda ke biye da shi a ƙuri'ar.

"Wane ne ke biye da ni?"

Janeen ta mayar da hularta. Ta daɗe tana gyara ta. "DeLoy."

Tana fita ya kira Dakta Wendell. Ina jin su daga kicin, don Rulon ba ya ji sosai, kullum a lasifika yake sa wayarsa. Daktan ya ce wannan tarko ne da ya sani tun tuni, kuma maganinsa abu biyu ne kacal. Kada ya zauna a kujerarsu, don wanda ya zauna ya shiga hannunsu. Kada kuma ya amsa sunansa, don sunan da ke rubuce a takardunsu ba nasa ba ne, na wani mutumin takarda ne da kamfanin ya ƙirƙira ranar da aka haife shi.

"Da ka yi haka za ka ga sun rikice," in ji shi. "Na sha ganin alƙalai sun tashi sun bar ɗaki."

"Rulon," na ce bayan ya kashe, "ka je ka ce musu a nan kake zaune. Ai a nan kake zaune. Ni ke wanke maka safa."

"Ke dai ki tuƙa mu."

Ni na tuƙa mu, a motata mai lamba ta ƙarfe. Ɗakin zaman ƙarami ne, da teburi ɗaya da tuta a kusurwa. Janeen tana gefe. DeLoy yana kujerar gaba sanye da sababbin takalman hawan dutse, ko alamar kuɗinsu bai cire ba. Mai jagorantar zaman wani siririn mutum ne, Mista Gubler, yana fama da mura, da kwalin hankici a gabansa. Na zauna. Rulon ya tsaya a bakin ƙofa, ya dogara sandarsa.

"Rulon Mangum?" in ji Mista Gubler.

Rulon ya kafa wa tutar ido.

"Rulon Mangum yana nan?"

"Ni wakili ne," in ji mijina, "mai magana a madadin wanda ake kira da wannan suna."

"Kai lauyansa ne?"

"Allah ya kiyaye."

"Ɗan'uwansa?"

DeLoy ya ɗaga hannu. "Ni ne ɗan'uwansa, ranka ya daɗe, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan kam ban san shi ba."

Mista Gubler ya face hanci, ya juyo wurina. "Ke ce matarsa?"

"Ni ce."

"Kin san inda mijinki yake?"

"Tun bazara nake nemansa."

Ya gyaɗa kai ya yi rubutu. "To, bai zo ba. Wanda bai zo ba kuwa ya sarayar da haƙƙinsa. Zan fita in ci abinci in sha magani. In na dawo Rulon Mangum bai bayyana ba, izini ya zama na wannan mai sabon takalmin."

Ya ɗauki kwalin hankicinsa ya fita. Rulon ya matsa ya ba shi hanya, sannan ya dube ni da murmushi.

"Kin gani? Ya tashi ya bar ɗaki."

"Abinci ya tafi ci."

A wurin ajiye motoci ya sake kiran Dakta Wendell. Wata muryar mace da aka naɗa ta ce dakta yana tafiya, amma an buɗe rajistar bita ta mataki na biyu, kuma masu zuwa da aboki suna da ragi. Ya sake kira. Matar ta sake faɗa. Ya jingina da motar, ya sauke nauyinsa a kan sandar, yana kallon duwatsun da ke bayan gari.

"In na koma na ce ni ne, duk gari zai yi mini dariya."

"Ai sun gama. Tun watan jiya suka gama."

"Ba ki gane ba, Leata. Karo na farko ke nan a rayuwata da na ce musu a'a."

Wannan kam na gane. Mutumin nan tun yana saurayi ake turo masa takardu yana sa hannu: na soja, na banki, na kiwo a filin gwamnati da ake rage masa shanu kowace shekara. Na buɗe jaka na miƙa masa burodi da nama, ya riƙe bai ci ba.

Sai ga DeLoy yana tahowa, takalman suna ƙara ƙiƙi-ƙiƙi.

"Malam wakili," ya ce, "in ka haɗu da yayana ka tambayar mini shi. Madubin hangen nesan nan na Baba, tunda ba zai yi amfani da shi ba, ya ara mini. Da bindigar ma. Baba zai so a ce da ita aka harbi ragon."

Rulon ya miƙo mini burodin. Ban taɓa ganin gwiwoyin nan sun yi sauri irin na ranar ba. Kafin Mista Gubler ya gama zama, shi ya riga ya ja kujera ya zauna a gabansa.

"Ni ne Rulon Mangum."

"A'a, sannu da zuwa. Wakilinka ya jira ka har ya gaji. Ɗaga hannunka na dama."

Ya ɗaga. Ya rantse shi ɗan ƙasar Amurka ne, a Harmon Wash aka haife shi, a ɗakin da yanzu muke ajiye injin wanki, kuma bai taɓa zama ko'ina ba sai Utah, in ban da lokacin soja. Ya sa hannu a takardar rantsuwar.

"Madalla," in ji Mista Gubler. "Izini naka ne." Ya ɗauki takardar da Rulon ya dangwala wa jan yatsa ya ajiye kusa da wadda ya sa wa hannu yanzu. "Sai dai ga rantsuwa biyu daga bakin mutum ɗaya, ɗaya ta ce i, ɗaya ta ce a'a. Ɗaya daga ciki ƙarya ce. Ni aikina rago ne. Wannan ta lauyan gwamnati ce."

A mota Rulon ya rungume izinin a ƙirji, bai ko ji ƙarshen maganar ba.

Lauyan gwamnati ya ji. Ya haɗa rantsuwar ƙarya da sammacin allon katakon da Rulon bai taɓa amsawa ba, ya ɗaure su wuri ɗaya ya kai kotu. Aka yi ta ɗaga shari'ar, yau alƙali yana hutu, gobe lauya ya kai ɗiya makaranta, har kaka ta shigo aka buɗe farauta. Lauyan da muka ɗauka ya ce Rulon ya amsa laifi, za a jingine hukuncin shekara guda, in bai sake wani ba a goge komai. Ba kurkuku. Rulon ya ce a yi maza, rago yana jira.

Wannan karon tun kafin a gama kiran sunansa ya miƙe ya amsa. Alƙaliyar, wata dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, ta karanta sharuɗɗan da murya ɗaya kamar mai karanta farashin hatsi. Zai mayar da lambar mota. Zai janye sanarwarsa a jarida. Kuma har shekarar ta cika, ba zai riƙe makami ba, ba zai ajiye shi a gidansa ba.

"Ranki ya daɗe, ina da izinin rago."

"Ina taya ka murna, Mista Mangum."

"To da me zan harbe shi?"

"Wannan ba ya gabana."

"Baka fa?"

"Baka makami ne."

"Mashi?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kana da mashi?"

"A'a."

"To kada ka nema."

Daga kotu muka wuce wurin Janeen. Ta ce da kafin a buɗe farauta ne, da ya mayar da izinin ya koma layi. Yanzu ƙofar ta rufe. Izini nasa ne, na wannan kakar, kuma daga ita shi ke nan. Ta faɗa tana kallon ƙasa. Da yamma DeLoy ya zo da motarsa ya kwashe bindigogin, ya naɗe ta Baba a bargo. Bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ya fi ɓata wa Rulon rai ke nan.

Kwanaki ya yi zaune a kujerarsa. Ranar Asabar ta ƙarshe kafin a rufe farauta na tashi na same shi ya sa rigarsa ta daji, ya liƙa izinin a aljihun gaba, yana ɗaure gwiwoyinsa da bandeji.

"Ina zuwa?"

"Izini gare ni. Ba wanda ya ce kada in hau."

Na zuba gwaza a kwano na ɗauko makullin mota.

Mun bar motar inda hanya ta ƙare muka kama hawa. Shi a gaba da sanda, ni a baya da jaka, ina jiran ya faɗo in tare. Yana hawa yana hutawa, yana zagin gwiwar hagu, yana lallashin ta dama. Rana ta yi tsaka kafin mu kai wani faffaɗan dutse da ya ce tun yana yaro mahaifinsa yake nuna masa daga ƙasa. Muka zauna a bayansa. Iska tana busawa daga gabanmu. Na fara gyangyaɗi.

Ya dafa hannuna.

Ragon yana tsaye a kan tudun da ke fuskantarmu, kusa sosai, har ina ganin bakinsa yana motsi. Tsoho ne, ƙahoninsa sun naɗe sun zagayo har gefen idanu, bakinsu ya farfashe. Ya dube mu. Ya ci gaba da tuƙa.

Rulon ya kwanta rub-da-ciki a hankali, gwiwoyin suna ƙara. Ya ɗora sandarsa a kan dutsen, ya kafa gindinta a kafaɗa, ya kwantar da kunci a kai, ya rufe ido ɗaya. Ya ja numfashi ya saki rabi. Ya daɗe a haka. Sannan na ga yatsansa ya lanƙwashe a ƙarƙashin sandar.

Ragon ya gama tuƙarsa, ya juya mana baya, ya haura tudun ba gaggawa, ya ɓace.

"Da na same shi," in ji Rulon, kuncinsa har yanzu a kan sandar. "Bayan kafaɗa."

"Da ka same shi."

"Ki gaya wa DeLoy."

"Zan gaya masa."

Ya ɗan ƙara kwanciya yana kallon inda ragon ya tsaya. Sannan ya yunƙura zai tashi, ya kasa, ya sake yunƙurawa.

"Leata."

"Na'am."

"Zo ki ɗaga ni."